Gangamau na rage kumburi, amma ba ya maye gurbin lamba

Ƴan'uwa makiyaya na Droum da sauran garuruwan Mirriya, kwanan nan saƙonnin murya suna ta yawo a WhatsApp cewa gangamau, wanda wasu ke kira kurkum, yana warkar da kusan kowace cutar dabba. Ni a ganina maganar tana da gaskiya a ciki, sai dai an yi mata ƙari, kuma ƙarin nan yana iya sa mutum ya yi asarar saniya.

Abin da ke ba gangamau launin rawaya sinadari ne da ake kira kurkumin. Masana biyu a Faransa, Vogel da Pelletier, su ne suka fara ware shi a 1815. Bincike ya nuna yana rage sinadaran da jiki ke fitarwa masu jawo kumburi da zafi. A Indiya, hukumar ƙasa mai kula da harkar madara, NDDB, tana koya wa masu shanu kwaɓa garin gangamau da alobera su shafa a hantsar da ta kumbura. Ku lura, shafawa suke yi daga waje. Wannan ban da ja a kansa. Haka ma ƙaramin rauni da aka wanke da ruwa mai tsabta da gishiri.

Inda na tsaya shi ne wajen ɗura wa dabba. Kurkumin ɗan kaɗan ne a cikin garin, bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba. Wannan kaɗan ɗin ma da ƙyar yake ratsa hanji ya shiga jini, abin da ya shiga kuma hanta ta yi saurin fitar da shi. To, cokali biyu a tumbin bijimi, ina za su kai? Ga kuma matsalar garin kasuwa: a Bangaladesh an gano ƴan kasuwa suna zuba masa rini mai dalma don ya ƙara haske. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ne. Mai son amfani da shi ya sayi saiwar ya daka da kansa.

Babban abin da nake tsoro shi ne ɓata lokaci. Kumburi alama ce, cutar tana can ciki. Ɗan maraƙin da cinyarsa ta kumbura, yana ɗingishi, in ka danna ka ji tana ƙaras-ƙaras, harbin daji ne, kuma yana iya faɗuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Allurar penisilin da wuri ce kawai ke ba shi dama. Ciwon saifa ya fi haka muni, don yana kama mutanen da suka feɗe dabbar ko suka ci namanta. Ciwon huhun shanu da annobar awaki da tumaki kuwa, lamba ce ke tsare garke daga gare su, kuma gwamnatin Nijar tana yin ta kyauta kowace shekara. Duk wanda ya ɓoye awakinsa ranar lamba don yana da kurkum a ɗaka, ya jefa har da dabbobin maƙwabtansa da suke sha rijiya ɗaya.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu ita ce mu tsayar da ƙa'ida ɗaya a taro na gaba: in nono ya fito da jini ko mugunya, ko dabba ta daina cin abinci, ko jikinta ya yi zafi, a kira ma'aikacin kiwo a ranar, kada a kwana. A rubuta lambar wayarsa a littafin ƙungiya, a kuma ware ɗan kuɗin man babur daga asusu, don mai akuya ɗaya ma ya iya kiran sa.