Ƙarshe Goma Sha Biyu, Amma Ko Ɗaya Ba a Gama Ba



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zauren nan. Duk wanda ya zo nuna gem ɗin da yake haɗawa, abin da zai fara faɗa shi ne: "Nawa yana da ƙarshe goma sha biyu, ɗan wasa ne zai zaɓi inda labari zai nufa." Sai mu yi ta yaba masa. Bayan shekara guda ka tambaye shi ina aka kwana, ya ce kuɗi sun ƙare, mai zane ya kama wani aiki, gem yana nan kwance a kwamfuta. Da yawa cikinmu mun faɗa wannan rami da ƙafafunmu, shi ya sa yau za mu faɗe ta ba ɓoye-ɓoye: ƙaramin mai haɗa gem da ya zuba ɗan jarinsa a yawan rassan labari ya ɗauko hanyar da ba ta ɓullewa.

Mu fara da lissafi, tunda shi ba ya son kai. Ka ba ɗan wasa zaɓi tsakanin hanya biyu da ba za su sake haɗuwa ba, ka ɗora wa kanka labari biyu. A zaɓi na biyu sun zama huɗu, a na uku takwas. Kafin ka kai zaɓi na goma kana da hanyoyi 1,024, kowace tana jiran rubutu da zane da sauti da gwaji. Shi kuwa wanda ya ƙona datarsa ya sauke gem ɗin, hanya ɗaya zai bi, in ya ji daɗi ƙwarai ya maimaita sau ɗaya ko biyu. Ka biya kuɗin gina unguwa guda, baƙonka ya kwana a ɗaki ɗaya ya tafi.

Mun san amsar da za a ba mu: ai Baldur's Gate 3 ya yi, kuma duniya ta yaba. Gaskiya ne. Amma kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam da ya fitar da shi a 2023 yana da ma'aikata sama da 400, ya shafe kusan shekara shida a kan aikin, kuma tun daga 2020 'yan wasa ke biyan kuɗi suna buga sashen farko suna nuna masa kurakurai. Mu da muke mutum uku, muna aiki bayan an tashi daga wurin neman abinci, muna jiran a kawo wuta, da me za mu kwaikwayi wannan? Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ko manyan ma alkawarin yana kayar da su. Kamfanin BioWare ya yi gem uku na Mass Effect yana gaya wa mutane cewa duk abin da suka zaɓa zai yi tasiri. Da na ukun ya fito a 2012, sai aka tarar ƙarshen zaɓi ne tsakanin abubuwa uku da hotunansu suka yi kama da juna, babban bambancin da ido ke gani shi ne launi: ja, shuɗi, ko kore. 'Yan wasa suka fusata, har sai da kamfanin ya fitar da ƙarin bayani kyauta a watan Yuni na shekarar. Idan mai kuɗin EA a bayansa ya kasa biyan bashin rassan da ya buɗe, mai jarin adashe ya shafa wa gemunsa ruwa.

Abin da muka daɗe ba mu gane ba shi ne, ɗan wasa ba ya ƙirga ƙarshe. Abin da yake so shi ne gem ya tuna da shi, ya nuna masa cewa an ga abin da ya aikata. Wannan kuwa yana da araha. Ku duba Undertale, wanda Toby Fox ya fitar a 2015 bayan ya tara dala dubu 51 da 'yan kai a Kickstarter. Idan ka kashe Toriel, ka yi nadama, ka koma baya ka ƙyale ta da rai, furen nan Flowey zai tare ka ya gaya maka ya san abin da ka yi. Layuka kaɗan ne na rubutu, babu sabon gari, babu sabon zane, amma duk wanda abin ya faru da shi ba ya mantawa.

Haka The Walking Dead na kamfanin Telltale a 2012. Rassansa suna buɗewa su dawo su haɗu, makomar Lee ɗaya ce ko me ka zaɓa, sai dai mutanen da ke tare da kai suna riƙe maganarka, su jefo maka ita daga baya. Mutane sun yi kuka a ƙarshensa, kuma ya ci kyaututtukan gwarzon shekara da dama. Disco Elysium na 2019 ma haka: wanda ya yi kisan da kake bincike bai canzawa, abin da ke hannunka shi ne wane irin ɗan sanda za ka zama a hanya. Kuma ku lura, ba su ɗora murya a kan dukkan rubutun ba sai a 2021, bayan gem ya riga ya sayu.

Wani zai ce Papers, Please yana da ƙarshe 20, kuma mutum ɗaya ne, Lucas Pope, ya haɗa shi a 2013. To, mu duba yadda ya yi. Kusan duk wasan a cikin rumfa ɗaya yake, ta jami'in duba fasfo a bakin iyaka, da tebur da hatimi. Yawancin ƙarshen nan 'yan hotuna ne da rubutu. Ya matse wuri sosai har zaɓi ya yi masa araha, sannan ya zuba ƙarfinsa a abin da hannun ɗan wasa ke yi kowane minti: duba takarda, gano ƙarya, yanke shawarar ko za ka tausaya wa baƙo ko ka tsira da albashin ciyar da iyalinka. Wanda zai kafa hujja da Pope, ya fara yarda zai zauna a rumfa ɗaya.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata mu daina yi wa juna. Kuɗi su ƙare mana a tsakiyar labari, mu yanke shi, mu ce "mun bar wa ɗan wasa ya ƙarasa a ransa". Ƙarshen da aka bari a buɗe da gangan yana da wuyar rubutawa, domin sai ka amsa babbar tambayar labarin kafin ka bar ƙaramar tana yawo a zuciyar mutum. Wanda aka yanke don aljihu ya bushe kuwa, ɗan wasa yana gane shi nan take, kamar yadda mai cin tuwo ke gane wanda bai nuna ba. In ya ji an yaudare shi sau ɗaya, ba zai sauke gem ɗinmu na gaba ba, kuma ba zai yi shiru ba.

To ina ya kamata kuɗin su tafi? A ganinmu, kaso mafi tsoka ya tafi ga abin da ɗan wasa ke yi da yatsunsa, domin in wannan bai yi daɗi ba babu mai kaiwa ƙarshen ko ɗaya. Sannan a rubuta ƙarshe guda tun ranar farko, a gina shi da wuri tun da sauran ƙarfi. Kafin a biya mai zane ko sisi, a gwada labarin da rubutu zalla a Twine ko ink, dukkansu kyauta ne, a ba mutum biyar su buga, a ga inda suka gundura. Daga nan a warwatsa ƙananan alamun tunawa: mai shago da ya ƙi gaishe ka saboda ka yi masa ƙarya jiya, ƙofar da ta buɗe saboda ka taimaki wani. A ware kuɗin gwaji a kan ƙananan wayoyin da mutanenmu ke riƙewa, waɗanda wurin ajiyarsu ya kusa cika, domin gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma kowane reshe da ka ƙara wata kafa ce da kuskure zai ɓuya. Murya da dogayen hotuna masu motsi su jira sai gem ya fara kawo kuɗi.

Ba muna cewa a kashe buri ba ne. Wanda ya gama ƙaramin gem guda ya samu suna da darasi da ɗan abin da zai fara na biyu, wataƙila a na uku ya iya buɗe rassan da yake mafarki. Wanda ya tsaya a reshe na bakwai cikin goma sha biyu ba shi da abin nunawa sai hotuna.

Don haka daga yau, duk wanda ya zo mana da zancen ƙarshe goma sha biyu, tambaya ɗaya za mu yi masa cikin girmamawa: ɗan uwa, wanne ka gama, mu buga? Masu ganin mun yi kuskure, fili naku ne, ku kawo hujja da misali. Allah ya sa mu ga ƙarshen abin da muka fara.