Ruwan Bagre Ba Baƙo Ba Ne: Ina Shirin Da Aka Yi Mana?

Iyayenmu, malamanmu, ƴan uwa manoma da ƴan kasuwa na Salaga, Yendi da Bawku.

Kafin ku dangwala ƙuri'a ranar 7 ga Disamba 2024, ku ba mu aron kunnuwanku mu yi maganar ruwa. Yanayi ya canza, kowa ya shaida. Damina takan makara, ta ɗauke a tsakiya, sannan ta zubo da ƙarfi lokaci guda. Ruwa na Allah ne, amma shirin tarbarsa aikin gwamnati ne, kuma a kan wannan za ku auna ta.

Mutanen Bawku sun san dam ɗin Bagre da ke Burkina Faso. Kusan kowace shekara, wajen Agusta zuwa Satumba, idan ya cika sai kamfanin SONABEL ya buɗe ƙofofinsa. Ruwan ya biyo Farin Volta ya shafe masara da gero a Bawku ta Yamma da Binduri da sauran garuruwan bakin kogi. Ana sanar da ranar buɗewa tun kafin ta zo. Abin da aka san watansa kuwa ba a ce masa ba-zata. Duk da haka, abin da manomi ya saba gani shi ne motar NADMO bayan ɓarna, da shinkafa da katifa da gidan sauro. Katifa ba ta biyan bashin taki.

An ce mana maganin wannan shi ne dam ɗin Pwalugu. A Nuwamba 2019 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da aikin, a kan dala miliyan 993, za a gama cikin wata 50. Aka ce zai tare ambaliya, ya ba da wuta megawat 60, ya shayar da gonaki hekta 25,000. Zuwa ƙarshen 2024, shekara biyar ke nan. An biya ɗan kwangila kusan dala miliyan 12, amma babu dam. Wanda yake shakka ya je Pwalugu, gani ya kori ji.

A Yendi matsalar ta juya: idan rani ya yi tsanani kogin Daka yakan ja baya, famfo ya bushe, mata da yara su kwana neman ruwa. A 2020 aka ƙaddamar da sabon aikin ruwan Yendi da bashin dala miliyan 30 daga bankin Exim na Indiya. Iyayenmu mata, ku ne za ku faɗi ko ruwan ya iso gidajenku. Haka alkawarin "ƙauye ɗaya, dam ɗaya": da yawa daga cikinsu tafkuna ne marasa zurfi da ke ƙafewa kafin rani ya raba.

Salaga kuma, garin da kakanninmu suka haƙa rijiyoyi masu ɗimbin yawa saboda sun san darajar tanadin ruwa, manomanta na cikin waɗanda fari ya taɓa a daminar 2024. Ruwa ya ɗauke makonni a arewa, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya waje a watan Agusta. Da akwai noman ban-ruwa na gaske, da asarar ba ta kai haka ba.

Ba mu kaɗai ruwa ke damu ba. A bakin teku, igiyar ruwa ta cinye ƙauyen Fuveme, amma inda aka gina katangar kariya a Keta, garin ya samu sauƙi. A 2023 da aka saki ruwan Akosombo, dubban mutane a Mepe da kewaye suka rasa matsuguni. Darasin ɗaya ne daga teku har kan iyaka: inda aka yi aiki kafin ruwa ya zo an tsira, inda aka tsaya ga alkawari an yi kuka.

Don haka duk ɗan takarar da ya shigo zangonku, har da namu, ku yi masa tambaya huɗu. Yaushe za a fara Pwalugu, kuma daga ina kuɗin zai fito? Wace yarjejeniya za a yi da Burkina Faso don a riƙa sakin ruwan Bagre kaɗan-kaɗan, tunda ƙasashen biyu suna zaune tare a Hukumar Kogin Volta da ke Wagadugu? Wa zai kai gargaɗi ga manomi da Hausa da Kusaal da Dagbanli da Gonja, a rediyo da masallaci da kasuwa? Wane wata famfon Yendi zai kawo ruwa? Ya ba ku amsa da rana da wata, a gaban sarki da limamai.

Waɗanda ke kan mulki a 2024 sun samu shekara takwas su amsa waɗannan tambayoyi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ku fito da wuri da katinku, ku zaɓi canji, ku koma gida lafiya ba tare da faɗa da kowa ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Gana lafiya.