Aya-aya Ba Ta Jin Feshi

Jama'a, yau ba labarin soyayya na kawo muku ba. Aya-aya ce ta kusa cinye min ɗan lambun albasata a fadamar Kwalkwalawa. Sau uku ina sayen maganin feshi mai ƙone ganye, bayan sati biyu ta sake tsirowa kamar shuka ta nake yi. Ashe ranta yana ƙasa, cikin ƙwayoyin nan masu sarƙe da juna. Ni dai a ganina kuɗin wannan feshin asara ne.

Wani dattijo maƙwabcina ya ce, "Yaro, bari ka cire albasa. Ka kafce ƙasar a watan Afrilu, ranar Sakkwato ta gasa ƙwayoyin." Kwana huɗu bayana yana ciwo, amma bana sai ɗai-ɗai nake tsinta.