Wa ya ba mai allo izini?

A wannan mako ba mu leƙa kasuwa ba, ba mu je ofishin kowa ba. Maganarmu daga nan unguwarmu ta Bobiyel ta taso, a bakin wata ƙofa mai koren fenti.

Duk wanda ya san Bobiyel ya san unguwa ce mai yaɗo kamar kabewa da damina: inda ka bar fili bara, bana sai ka tarar da bene, a ƙasansa lakwal mai zaman kanta ko ɗakin shan magani, kowanne da allonsa. Cikin allunan nan ne wani sabo ya fito, an rubuta masa da faransanci: «Psychologue». Ban kula da shi ba sai ran da wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta tsayar da ni, ta ce: «Ɗana, kai da ka yi lakwal, mai allon nan likita ne ko boka?» Jikanta ne ba lafiya, yaro ɗan shekara tara da aka kawo daga wani ƙauye na jahar Tilaberi bayan ƴan bindiga sun shiga garinsu. Tun daga ranar ba ya barci, in babur ya wuce da dare sai ya shige ƙarƙashin gado. An sha rubutu, an yi tofi, an je asibiti an ce jikinsa ƙalau. Na ce: «Inna, ba likita ba ne, ba ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam ne, aikinsa sauraro da magana har zuciya ta kwanta.» Ta ce: «To, wa ya ba shi izini?» Nan bakina ya mutu.

Tambayar tsohuwa ta fi ƙarfin falsafar da muka haddace a ajin ƙarshe na lise. Likitan taɓin hankali, irin waɗanda ke «Pavillon E» a babban asibitin Yamai, likita ne cikakke, sunansa yana cikin kundin majalisar likitoci, in ya yi ɓarna akwai inda za a kai ƙararsa. Lauya ma haka. Shi kuwa masanin halayya, mutum iri uku ne ke amsa sunansa a ƙasar nan. Akwai wanda ya fito daga sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Abdu Mumuni. Akwai wanda ya yo karatunsa a ƙasashen waje, a Aljeriya ko Faransa ko wata maƙwabciya. Akwai kuma wanda ya zauna taron horo na kwana biyar a wani otal, aka ba shi takarda mai ado da kuɗin mota. Tun da Boko Haram ta kai hari Boso da Difa a watan Fabrairu na 2015, ƙungiyoyin agaji suka shiga neman masu kwantar wa ƴan gudun hijira da hankali, sai sunan ya zama sana'a mai albashi. Kowa kuwa ya san inda aka zubar da zuma, ba a aika wa ƙuda goron gayyata.

Kada a ce na raina ɗan kwana biyar. A sansanin da babu kowa, shi ne ke riƙe hannun matar da aka kashe mijinta a gabanta, Allah ya saka masa. Amma wanda ya koyi ɗaure rauni ba ya kiran kansa mai fiɗa.

Bari mu duba yadda wasu suka yi. A Faransa, dokar 25 ga Yuli 1985 ce ta killace sunan. Sai wanda ya yi shekara biyar a jami'a cikin fannin, lisansi da masta, tare da awa 500 na koyon aiki a hannun ƙwararre, sa'an nan ya shiga rajistar hukuma. Babu wata jarrabawa ta ƙasa bayan wannan, difiloma ta wadatar. Wanda ya zo da takardar wata ƙasa, kwamiti ne ke auna ta. Wanda kuwa ya ɗora wa kansa sunan ba da haƙƙi ba, yana iya shan ɗaurin shekara guda da tarar yuro 15.000, wato kusan miliyan 10 na sefa. A Amurka abin ya fi tsanani: kowace jiha da hukumarta, galibinsu sai mai digirin dakta, ya yi aiki ƙarƙashin kulawa, ya kuma ci wata jarrabawa mai tambaya 225. To amma su ma sun gane wauta ce a mai da gwani ɗan koyo don kawai ya ƙaura. Wanda ya yi shekara biyar yana aiki da lasisi ba a taɓa kama shi da laifi ba, yana iya samun wata shaida da jihohi da yawa ke karɓa ba tare da sun sake tone takardunsa ba. Abin da da yawansu ba sa yafewa shi ne ƴar jarrabawa a kan dokokin jihar da ya zo. Nan kusa da mu, Gana ta kafa majalisar masana halayya da dokar 2013.

Abin lura a nan, ƴan'uwa, shi ne yafe jarrabawa ba ya da ma'ana sai inda akwai ƙofa. Gidan da ba shi da danga, ba a cewa an yi wa baƙo alfarma an bar shi ya shiga.

Abin haushin kuma, ma'aunin takardu a garin nan aka ƙera shi. A Yamai shugabannin ƙasashe suka yanke shawarar kafa CAMES a 1968, majalisar da ke kula da ilimi mai zurfi a ƙasashenmu, mai cibiya a Wagadugu. A 1972 kuma aka sa hannu a Lome a kan yarjejeniyar amincewa da difilomomin juna. Saboda haka, ran da mahukunta suka tashi rubuta dokar wannan sana'a, ba na ganin dalilin sake zaunar da mai masta ta gaskiya a kan benci. Wanda jami'armu ta yaye bayan shekara biyar da koyon aiki a asibiti, da wanda takardarsa ta waje ta tsallake awo, a yafe musu jarrabawa. Sabuwar jarrabawa a kan tsohuwar ba abin da za ta haifa sai kuɗin tambari da jerin gwano, da wani sabon teburi da za a riƙa miƙa goro a ƙarƙashinsa.

Amma kada a yafe wa kowa rajista, kome tsawon takardunsa, kada kuma a yafe masa rantsuwar riƙon sirri. Mai zuwa wurin masanin nan tsirara yake zuwa: matar aure da abin da ba ta gaya wa uwarta ba, soja da abin da ya gani a daji. In maganar ta fita ta zaga fada-fada, aure na iya mutuwa, mutum na iya rasa aikinsa. Dole a sami kundin da za a soke sunan mai sakin baki, kundin da ɗan unguwa zai iya dubawa kafin ya kai ɗansa.

In kuwa lalle sai an yi jarrabawa, ni ga wadda zan so: a zaunar da mai neman izini gaban tsohuwa irin Inna na rabin awa, ba tafinta. Littattafan fannin da faransanci aka karanta su, alhali baƙin cikin mutanenmu da Hausa yake fita, da Zabarmanci, da Barbarci, da Fulatanci, da Buzanci. Wanda bai san abin da mace ke nufi ba in ta ce «gabana ke faɗuwa», ko abin da dangi ke nufi in sun ce «iska ce ta taɓa shi», zai rubuta rahoto mai kyau ya aika wa masu ba da kuɗi, yaro kuwa yana nan ƙarƙashin gado.

Ranar Asabar na raka Inna wurin mai koren ƙofa. Saurayi ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya juya ya yi wa yaron magana da Zabarmanci har yaron ya ɗaga kai. Da na tambaye shi takardunsa bai ji haushi ba, ya jawo aljihun teburi ya fito da difiloma mai hatimi biyu. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini. Na karanta mata sunan jami'ar da shekarar. Ta ce: «Ta gaske ce?» Na ce da alama. Ta biya jika biyar, aka ce su komo ranar Laraba.