Ashe Zuciya Tana da Hannu Cikin Mantuwa

Ya 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina roƙon ku gafara in ɗan yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna.

Sa'ad da mu ke firamare a makarantar mishan, malaminmu na kiwon lafiya ya kan yi mana dariya in ya ji wani ya ce, "Zuciyata ta raya mini kaza." Sai ya buga allo ya ce, "Zuciya famfo ce, aikinta tura jini. Ƙwaƙwalwa ke tunani." Gaskiyarsa. Tun 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana yadda zuciya ke tura jini ya zaga jiki. Amma yanzu na gane kakanninmu ba su yi kuskure duka ba da su ka haɗa zuciya da tunani. Kuma malamin nan nawa shi ne dalilin da na gane haka.

Mutum ne wanda ya san sunan kowane yaro da ya taɓa koyarwa, har da na ubansa da unguwarsu. Da hutun bara na je gaishe shi a ƙauyensu, can bayan Kwali. Ya tambaye ni ko ɗan wa ne ni, na faɗa masa, ya yi murna. Kafin in shanye ruwan da a ka kawo mini, ya sake tambaya har sau biyu. Waɗansu su ka ce tsufa ne kawai, waɗansu kuwa su ka ce jifa a ka yi masa. An kashe kuɗi wajen masu magani ba kaɗan ba. Da a ka kai shi asibiti daga baya, likita ya ce hawan jini ne ya daɗe da shi ba a sani ba, har ya ɓata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa, ya kuma gajiyar da zuciyarsa. Abin da ya riga ya lalace ba ya dawowa, sai dai a tare sauran.

To, yaya ciwon zuciya ya ke taɓa tunani? Ga yadda abin ya ke. Ƙwaƙwalwa ba ta fi kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cin wajen kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauke da ita, ba ta kuwa da rumbun ajiya. Kamar lambun rani ta ke, wanda in ruwa ya yanke, nan da nan sai ya yi yaushi. Ruwan nan kuwa ta hanya uku ya kan yanke. Ta fari, hawan jini ya kan taurara ƙananan jijiyoyi su tsuke, sai ɗan wuri kaɗan a ƙwaƙwalwa ya mutu, mutum bai ji kome ba, yau nan gobe can, har abin ya taru. Ta biyu, akwai ciwon da ke sa zuciya bugawa barkatai, jini ya daskare cikinta, gudan ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Mai wannan ciwo ya fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki wajen ninki 5. Ta uku, in zuciya ta raunana ta kasa tura jini sosai, sai mutum ya riƙa jin kansa ya yi nauyi, lissafin da ya saba yi ya gagare shi.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. A Ibadan, likitoci sun bi tsofaffi shekaru da yawa tun daga 1992, su ka tarar masu hawan jini sun fi kamuwa da ciwon mantuwa. A Amurka kuma, cikin 2019, an ba da sakamakon wani babban gwaji wanda ya nuna saukar da hawan jini sosai yana rage raunin tunani irin na farko-farko. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda ke da hannu cikin kusan rabin ciwon mantuwa a duniya. A cikinsu akwai hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da ƙiba, da rashin motsa jiki. Akwai kuma ƙarancin ilmi tun ƙuruciya, wannan kuwa ƙofarmu ya ƙwanƙwasa, mu malamai.

Na sani wani zai ce, ai ba kowace mantuwa ce daga zuciya ba. Haka ne. Akwai ciwon Alzheimer wanda tushensa dabam ne. Abokina kuma da ya manta darasi ran jarrabawa, kada ya ɗora wa zuciyarsa laifi, rashin karatu ne. Amma in ba mu iya tare duka ba, ashe ba sai mu tare wanda mu ke iyawa ba?

Ga shawarata. Da fari, kowa ya je a auna jininsa, ko da yana jin garau, gama hawan jini ba ya sallama. In awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, a ga likita. A nan Abuja ba mu da hujja. Tun 2020 masana na Jami'ar Abuja su ka fara aikin awo da maganin hawan jini a ƙananan asibitoci 60 na Babban Birnin Tarayya, wato ba sai an je babban asibiti a ke wannan awo ba. Wanda a ka ɗora a kan magani kuwa, kada ya bari don ya ji sauƙi.

Na biyu, mu rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, mu kuwa ga gishiri, ga magi, ga kanwa cikin tukunya guda. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya su ka lura ciwon zuciya ya yawaita ga mata masu jego, su ka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Ba raina al'ada na ke yi ba, amma kome ya yi yawa ya ɓaci.

Na uku, ina roƙon hukumar kwalejinmu ta sa a riƙa auna jinin kowa, daga shugaba har masinja, ran 29 ga Satumba, Ranar Zuciya ta Duniya, a kuma koya mana yin awon da hannunmu. Gobe za a watsa mu ƙauyukan Abaji da Kuje da Bwari, inda malamin makaranta shi a ke tambaya kome. In mu ka ga tsohuwa ta fara ɓata hanyar gidanta, mu ne za mu hana a kira ta mayya, mu ce a kai ta asibiti.

Jarin malami kansa ne. Wanda ya koya mini cewa zuciya famfo ce, yau bai san sunana ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu tsufa da hankalinmu. Amin.

Daga wani ɗalibin aji uku