Diyyar Haɗari: Kada A Manta Da Fansho

Idan haɗari ya naƙasa ma'aikaci, galibi kuɗin asibiti da albashin da ya rasa kaɗai ake tunawa wajen neman diyya. Fansho kuwa, wanda shi ne guzurin tsufa, sai a manta da shi.

Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikata ta zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashi a asusun ma'aikacinta kowane wata, shi kuma ya zuba kashi 8. To, a ce direba ne mai shekara 40, albashinsa Naira 100,000, ya naƙasa har abada. Da ya ci gaba da aiki zuwa shekara 60, kason ma'aikatarsa kaɗai zai kai Naira 2,400,000, ban da riba. Duk wannan ya salwanta ranar haɗarin.

Sai kuma batun shekarun da suka rage masa. Rai a hannun Allah yake, amma masu lissafin diyya ba su da madogara sai ƙiyasi. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna matsakaicin tsawon rai a Nijeriya wajen shekara 54 ne. Sai dai yawan mutuwar ƙananan yara ne ya jawo adadin ƙasa. Wanda ya riga ya kai 40 ana sa ran zai zarce haka nesa. Idan ya yarda aka yi masa lissafi da 54, ya yafe haƙƙin tsufansa ke nan.

Saboda haka, kada mai neman diyya ya sa hannu a takardar sulhu sai lauya ya duba masa waɗannan abubuwa biyu.