Wasan Jifan Faifai da Haƙƙin Jama'a a Lambun Shaƙatawa

Wasan golf, wanda ake kira ƙwallon lambu, ya daɗe da zama wasan masu hannu da shuni. Filinsa yana buƙatar ƙasa mai faɗi da ciyawa mai shan ruwa kullum, sandunansa suna da tsada, shiga ƙungiyarsa kuwa sai wane da wane. Amma akwai wani ƙanensa da ya taso a Amurka, wanda ya ɗauki dokokinsa ya bar tsadarsa, shi ne wasan jifan faifai. Wannan wasa ya cancanci gurbi a lambunan shaƙatawa na jama'a, muddin an kiyaye haƙƙin waɗanda ba wasa ya kawo su wurin ba.

Yadda ake yin sa ba shi da wuyar fahimta. Mai wasa yakan tsaya a wurin da aka shata, ya wurga faifan roba wanda nauyinsa bai wuce giram 200 ba, yana nufin wani kwandon ƙarfe da aka kafa a kan turke. A saman kwandon an rataya sarƙoƙi domin su tare faifan ya faɗa ciki. Inda faifan ya sauka, daga nan za a sake jifa. Fili yakan ƙunshi kwanduna 9 ko 18, wanda kuwa ya kammala da jifa mafi ƙaranci shi ne ya ci.

Tarihin wasan ya nuna cewa a lambun jama'a aka haife shi. A shekarar 1975 Ed Headrick, wanda ya yi aiki a kamfanin Wham-O mai yin faifan Frisbee, ya tsara fili na farko a lambun Oak Grove da ke yankin Pasadena ta jihar Kaliforniya. A 1976 ya kafa ƙungiyar ƙwararrun wasan, wato PDGA, sannan a 1977 ya sami rajistar mallakar fasahar kwando mai sarƙa. Daga Amurka wasan ya ƙetara Turai, har ya yi gida a Finland, inda aka buɗe fili na farko a Helsinki a 1983. A lokacin annobar korona ta 2020 kuma, mutane da yawa sun rungume shi saboda a sarari ake yin sa, ba tare da cunkoso ba.

Babbar hujjar da ke goyon bayansa ita ce araha. Yawancin filayensa ba a biyan ko kwabo kafin a shiga, kuma faifai ɗaya ya ishi ɗan koyo. Ba lallai ne a sare itatuwa domin a share fili ba, tun da su ne shingen da ke gwada gwanintar mai jifa. Ta haka ɗalibi da lebura da dattijo sukan haɗu a layi guda, kowa yana jiran nasa jifan, suna motsa jiki ba tare da sun ji nauyin tafiyar ba.

Duk da haka, masu ƙorafi ba su yi ƙarya ba. Faifan jifan nesa yana da siririn baki, kuma a hannun gwani yakan wuce mita 100. Idan ya sami yaro ko tsohuwa mai shan iska, rauni ne. Bugu da ƙari, yawan dukan faifai yana ɓare ɓawon itatuwa, yawan takawa kuma yana kashe ciyawa har ƙasa ta zaizaye.

To, amma waɗannan illoli na tsari ne, suna kuma da magani. Wajibi ne hukumomin gari su nesanta hanyoyin jifa daga turbar masu tafiya da wurin wasan yara, su kare jikin itatuwa, su riƙa sauya mazaunin kwanduna domin ƙasa ta huta. Mai wasa kuma kada ya saki faifai sai gabansa ya zama babu kowa, domin rigakafi ya fi magani.

A taƙaice, lambun shaƙatawa dukiyar kowa ce. Hana wasan baki ɗaya toshe wa talaka ƙofar nishaɗi ne, sakar masa fili ba ƙa'ida kuwa tauye haƙƙin maƙwabci ne. Hukumar da ta auna waɗannan biyu kafin ta kafa kwando na farko, ita ce ta riƙe amanar jama'arta.